Tambaya da Amsa: Na haɗa wa gidanmu sabar kallon fim, wane fannin kwamfuta zan kama?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin HND ne a fannin kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Zariya, saura shekara guda in gama. Da yamma ina taya yayana zama a shagonsa na cajin waya da tura fina-finai a memori. Kwanakin baya na ɗauko wata tsohuwar laftof na sa mata Jellyfin, manhajar da ke mai da kwamfuta saba, wato na'urar da wayoyi ke ɗauko fim daga cikinta, yanzu mutanen gidanmu suna kallon abin da ke cikinta a wayoyinsu ba tare da sun ƙona data ba. Abin ya shiga raina sosai. Abokaina wasu sun ce in koyi rubuta manhaja, wasu sun ce tsaron intanet, wasu kuma sun ce harkar gajimare (cloud), wato hayar saba ta intanet, ita ce ke ci yanzu. Wanne zan kama? Kuma kallon fim daga sabar gida yana da gaba, ko Netflix da YouTube za su haɗiye komai?

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Ba zan ja ka da nisa ba: ka kama harkar netwok, wato haɗa kwamfutoci da hanyoyin da bayanai ke bi, ka haɗa ta da Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows. Dalilina yana cikin wasiƙarka. Ba wanda ya sa ka, ba kuma don maki ba, ka ɗauko laftof ɗin da aka yar ka mai da ita saba. Kuma na tabbata akwai daren da fim ya riƙa tsayawa a wayar wani a ɗakin can ƙurya, ka tashi ka matsar da rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, ka duba ko siginal ne ko laftof ɗin ce ta yi zafi. Wannan binciken da ka yi tsakar dare shi ne aikin da nake yi ake biyana shekara da shekaru.

Bari in nuna maka abin da ke faruwa idan mutum ya danna fim a YouTube ko Netflix, don a nan za ka ga inda aikin yake. Ba dunƙulen fim guda ake turo maka ba. An riga an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, kuma kowace gunduwa an tanade ta a matakai daban-daban, daga mai dishi-dishi har mai fes. Wayarka ce ke auna ƙarfin sabis a kowane lokaci, ta ce a ba ta wadda za ta iya ɗauka. Shi ya sa kana cikin kallo sai hoto ya dagule na ɗan lokaci sannan ya washe. Apple ne ya fito da wannan tsari mai suna HLS a 2009, akwai kuma takwaransa DASH. Sannan fim ɗin ba daga Amurka yake tasowa ba duk lokacin da ka danna. Tun 2012 Netflix yake da shirin Open Connect, inda yake ajiye akwatunan sabarsa a cikin kamfanonin intanet na ƙasashe, a cika su da fina-finai da daddare lokacin da hanya ba cunkoso. Google ma haka yake yi da bidiyon YouTube. A Najeriya akwai IXPN, mahaɗar da aka kafa a Legas a 2006 don kamfanonin intanet na cikin gida su riƙa musayar bayanai a tsakaninsu ba sai sun zaga ta Turai ba. To ka lura: abin da waɗannan manyan kamfanoni ke kashe wa biliyoyi shi ne su matso da fim kusa da mai kallo. Kai ma abin da ka yi ke nan a gidanku, sai dai naka ƙarami ne.

Kuma a wajenmu wannan matsowa ta fi muhimmanci fiye da a Landan. Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya a mataki mai kyau na iya cin giga 3, mataki mafi girma kuwa har giga 7, matsakaici kuma kamar 0.7. Ka ɗauki gida mai mutum biyar, kowa da wayarsa, kowa yana bin shiri guda mai dogon zango. Sau biyar aka sayi data don a kalli abu ɗaya. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Shagon yayanka ba don jahilcin mutane yake da ciniki ba. Mutumin da ya miƙo memori ya ce a zuba masa na ɗari biyu ya yi lissafinsa tsaf, ya ga hakan ya fi masa sauƙi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kallo ta intanet ya riga ya ci kasuwa, wannan babu ja. Netflix da ya fara da aika faifan DVD ta gidan waya ya rufe wannan sashe a Satumbar 2023. A Amurka, kamfanin Nielsen mai ƙidayar masu kallo ya bayyana cewa a watan Mayun 2025, a karon farko, kallo ta intanet ya zarce na tashoshin iska da na kebul a haɗe. Mu ma nan mun gani da idonmu. Wanda ya san Kasuwar Ƙofar Wambai lokacin da ake fito da sabon fim a faifai, dillalai na dafifi, ya san yanzu zance ya sauya. Kannywood ta koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, ga Arewa24 da manhajarta, ga dandali irin su Northflix da Kallo.ng da aka yi musamman don fina-finan Hausa.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne dandalin kallo kansa kasuwa ce mai santsi. Netflix ya shigo Najeriya a Janairun 2016. Amazon ya shigo da Prime Video da ƙarfinsa, sai ga shi a farkon 2024 ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finan Afirka. Kamfanin da ke da kuɗi kamar Amazon ke nan. Saboda haka idan zuciyarka na raya maka ka gina "Netflix ɗin Hausa" daga ɗakinka, ina roƙonka ka dakata. Manhajar ita ce ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana wajen sayen haƙƙin fina-finai, biyan kuɗin saba da dala alhali kana karɓar naira, da shawo kan mutum ya biya kuɗin wata bayan ya riga ya biya kuɗin data. Dandali na zuwa yana wucewa, amma kowannensu dole ya bi ta waya, ta rauta, ta saba. Wanda ya iya waɗannan ba ruwansa da wane kamfani ne ke tashe.

Kuma hanyar nan ba a gama gina ta ba, musamman a Arewa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suka sauka. Ƙarfin intanet ya taru a bakin teku, jawo shi zuwa Kaduna da Kano da Maiduguri shi ne jan aiki. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, bankuna suka rikice, tura kuɗi ya gagara? A ranar, injiniyoyin da suka san yadda ake karkatar da bayanai ta wata hanya su ne aka riƙa nema ruwa a jallo. Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa faiba, wato wayar intanet mai sauri, mai tsawon kilomita 90,000. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Duk kwanon Starlink da aka ɗora a kan rufin makaranta ko otal, sai an sami wanda zai raba sabis ɗin ɗaki-ɗaki, ya hana mutum guda shanye shi, ya gyara idan ya tsaya.

Sabar gida fa? A Turai da Amurka ta zama abin 'yan sha'awa, masu son su mallaki fina-finansu kada wani kamfani ya cire musu rana tsaka. Ba za ta mutu ba, ba kuma za ta zama ta kowa da kowa ba. Ka yi dace da ka zaɓi Jellyfin, wadda aka fara a 2018 kuma kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Plex, wadda ta fi ta suna, ta fara karɓar kuɗi a 2025 kafin mutum ya kalli abin da ke sabarsa daga wajen gida. A wajenmu kuwa ina ganin amfaninta ya wuce fim. Ka yi tunanin makarantar kwana da za a zuba wa darussan bidiyo a saba guda, ɗalibai ɗari su kalla ba data. Ko islamiyya da ke da tafsirin malaminta na shekara ashirin a warwatse a wayoyin ɗalibai, a tattara shi wuri ɗaya a tsara shi sura-sura. Akwai Kiwix da ke ba ka Wikipedia ba intanet, akwai Kolibri da aka yi don makarantun da ba sabis. Wannan aiki ne da za ka iya fara karɓar kuɗinsa tun kafin ka gama makaranta.

A nan dole in faɗa maka wata magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Fim ɗin da aka tura a memori ba da izinin mai shi ba, haƙƙin wani ne aka ci. Furodusan da ya sayar da filinsa ya yi fim, mai ɗaukar hoto, yaron da ke riƙe fitila, duk da wannan kuɗin suke cefane. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet ma. Ka koyi aiki da sabarka, amma kada ka gina sana'arka a kan raba kayan mutane.

Shawarwarin abokanka ba laifi ba ne, sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Tsaron intanet fanni ne mai kyau, amma ba ƙofar shiga ba ne. Wanda bai san yadda bayanai ke tafiya lafiya ba, ba zai gane ranar da ɓarawo ya shigo ba. Gajimare kuwa, ba komai ba ne illa hayar sabobin Amazon ko Microsoft ko Google ta intanet, kuma akasarinsu Linux ne a ciki, netwok ne ya haɗa su. Ka ga hanyar da na nuna maka ita ce ke ɓullewa can. Rubuta manhaja kam ka koyi daidai gwargwado, musamman harsunan rubuta manhaja na Python da Bash, don ka sa kwamfuta ta yi maka aikin da ake maimaitawa. Amma a ganina matakin farko na rubuta shafukan intanet ya cika da jama'a, ga kuma manhajoji irin su ChatGPT suna yin kaso mai yawa na ƙananan ayyukan. Su kuwa ba sa hawa tsani su ɗaura eriya. In har ka ga rubuta manhaja ce ke hana ka barci don daɗi, to bi ta. Ni dai da abin da ka rubuto na yi hukunci.

Ga yadda zan yi da shekarar nan in da ni ne. Ka goge Windows daga laftof ɗin, ka sa nau'in Linux irin Debian ko Ubuntu marar hoto, baƙin allo kawai, ka sake haɗa Jellyfin da hannu. Za ka sha wuya mako biyu, kuma a wannan wuyar karatun yake. Ka koyi FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo: ɗauki bidiyon biki mai giga biyu ka matse shi da tsarin matse bidiyo na H.264, ka sake da H.265, ka kwatanta girma da kyan hoto, ka ga wace tsohuwar waya ce ta kasa buɗe na biyun. Sannan ka gwada kallon sabarka daga makaranta. Zai ƙi, don kamfanonin waya suna cusa dubban mutane a bayan adireshin intanet guda. Ranar da ka gano dalili, ka warware shi da WireGuard ko Tailscale, manhajojin da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urorinka ta intanet, ka fahimci abin da wasu ke haddacewa ba su gane ba. Daga nan ka fuskanci CCNA, jarrabawar shaidar ƙwarewa a netwok ta kamfanin Cisco. Manhajarsu ta gwaji, Packet Tracer, kyauta ce. Kuɗin jarrabawar da dala ne, don haka kada ka biya sai ka shirya sosai. In ka sami ɗan kuɗi ka sayi ƙaramar rautar MikroTik, don ita za ka fi tararwa a ƙananan kamfanonin intanet da otal-otal na ƙasar nan. Ka kuma riƙa duba shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai horar da jama'a a fasahar zamani, idan sun buɗe rajista.

Kada ka raina ilimin wuta. Na taɓa yin kwana uku ina neman abin da ke katse intanet a wani otal, na canja kebul, na sake saita komai, har na fara zargin kamfanin da ke ba su sabis. Ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta, rautar tana mutuwa ta ɗauki mintuna kafin ta dawo, batirin da aka sa mata ya daɗe da lalacewa ba wanda ya duba. Ƙaramin batir sabo ne ya kashe maganar. Injiniyan netwok a Arewa da bai san lissafin sola da inbata ba, rabin aikinsa wani zai riƙa kira.

Ka sami littafi ka riƙa rubuta duk matsalar da ta taso: kwanan wata, abin da ya faru, abin da ka gwada, abin da ya yi magani. Ka ɗauki hoton haɗin, ka zana taswirar netwok ɗin gidanku. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo, ka yi ƙoƙari a tura ka kamfanin da ke raba intanet ko sashen kwamfuta na wata jami'a, ko da alawus ɗin bai kai na wani wuri ba, ka bi masu haɗa faiba fita aiki, ka riƙe musu kaya har su bar ka ka haɗa da kanka. Ranar ganawar neman aiki ka tafi da littafin nan da laftof ɗin. In ka sa Debian ɗin ka maƙale a wani wuri, ka sake rubuto mini da ainihin saƙon da allon ya nuna maka, mu duba tare.