Injin zuƙe ganye da ya ƙi tashi bayan ajiya

Malam, ka ce injinka na zuƙe ganye ya ƙi tashi bayan wata 4 a ajiye. Zargina tsohon fetur ne: in ya wuce wata guda a tanki yakan lalace, ya toshe kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska. A wanke ta. Nan gaba, kafin ka ajiye shi, tsiyaye tankin, bar injin ya yi aiki har ya mutu, ka canza baƙin mai da ɗuminsa.

Kuskuren da na fi gani shi ne barin jiƙaƙƙen ganye a gidan farfela, wato fankar da ke zuƙo ganyen, har tsatsa ta ci. Amma kada ka sa hannu ciki sai ka cire wayar fulogi!

In ya tashi yana jijjiga, ƙila farfelar ta lanƙwasa. Kai wa makanike, bar miƙe ta da guduma.