An Fasa Aurena Saboda Ciwon Hanta, Mene Ne Haƙƙina?

Tambaya: Barista, mun je gwajin kafin aure a Kano, aka gano ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tun kafin in iso gida, ma'aikacin ɗakin gwajin ya sanar da yayar saurayina. Sun fasa, sun aiko a mayar musu da lefe, a gidanmu ma an ware min kofi da kwano. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Maganar auren dai gajeruwa ce: baiko alkawari ne, ba ɗaurin aure ba, babu kotun da za ta tilasta masa. Lefe kuwa, fitaccen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne idan namiji ne ya janye, ba ya karɓar abin da ya bayar, sai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. Kada waliyyinki ya yi gaggawar fitar da akwatuna. A zauna da dattawa, in ta ƙi, alƙalin kotun shari'a ya raba gardama.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne aikin ma'aikacin nan. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin ciwon hanta kafin aure, amma ita kanta ta haramta tsangwamar masu ɗauke da shi. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce sakamakonki sirrinki ne, ba a bayyana shi sai da rubutacciyar yardarki, ko umarnin kotu, ko wani dalilin da doka ta ambata. Yayar saurayi ba ta cikin wannan lissafi. Ki adana takardar sakamakon, da saƙonnin waya, da sunan duk wanda ya ji maganar daga bakinta. Ki rubuta ƙorafi ga shugaban asibitin, ki kai kwafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Kina kuma da damar neman diyya a babbar kotu.

Kofin da aka ware miki ba shari'a ce za ta gyara shi ba. Cutar tana bin jini, da saduwa, da haihuwa. Ba ta bin tuwo ko musabaha. Ki ja mahaifiyarki ku je wurin likita ta ji da kunnenta, a gwada mutanen gida, marasa ita a yi musu rigakafi. Allurar nan tana kare miji, tana kare jariri idan an fara ta cikin sa'o'i 24 da haihuwa.