Lisa Fernandez, daga jifa zuwa koyarwa

Malam, ka tambaya ko gwanar jifa a wasan softball (wanda ake jefa ƙwallo, a buge ta da sanda) tana iya zama ƙwararriyar mai koyarwa. Ƙwarai kuwa, dubi Lisa Fernandez. Ta yi wa jami'ar UCLA da ke birnin Los Angeles a Amurka wasa daga 1990 zuwa 1993, sannan ta ciwo zinariya da tawagar Amurka a Olamfik na 1996, 2000 da 2004. Ta koma UCLA, ta shafe fiye da shekara 20 tana horar da 'yan mata.

Jifan nan ta ƙasa ake yin sa: hannu ya zagayo, ƙwallo ta fita daf da ƙugu, ƙarfin kuwa daga ƙafa yake tasowa. A ganina, wadda jikinta ya san wannan ta fi saurin gano inda ɗaliba ta karkace.