Tambaya da Amsa: Na buga K, rediyo ta aika C

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a Zariya, ina koyon buga saƙon Morse, wato haruffa da gajeru da dogayen sautuka, a wata rediyon sha'awa mai aika saƙo da na saya gwanjo. A na'urar da na fara koyo da ita komai lafiya, amma a wannan duk lokacin da na buga harafin K sai C ya fito. A cikin saitinta na ga an rubuta Iambic A da Iambic B. Madannin ne ya lalace, ko hannuna ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Madanninka lafiyarsa ƙalau, hannunka ma bai yi laifi ba. Hannun ya saba da tsarin A, rediyon kuwa tana kan B. Ka mayar da ita A, K ɗinka zai dawo. Amma tunda kai mai karatun injiniya ne, ba zan bar ka da "canza saiti" kawai ba.

A zamanin tangaraho, tun saƙon da Samuel Morse ya aika daga Washington zuwa Baltimore a 1844, mai bugu ne ke auna tsawon kowane sauti da hannunsa. A 1904 Horace Martin ya yi rajistar wani madanni mai maƙalutun ƙarfe da ke rawa yana fitar da gajerun sautuka da kansa, dogayen kuma a bar wa hannu. Shi ne asalin madannin Vibroplex. Na'urar lantarki da ake kira kiya ta karɓe aikin aunawar gaba ɗaya. Dogo ninkin gajere uku ne, tazarar da ke tsakaninsu cikin harafi ɗaya daidai take da gajere ɗaya, tsakanin haruffa uku, tsakanin kalmomi bakwai. Kai dai ka taɓa kunnen madanni, ita ta auna.

Madanni mai kunne biyu, ɗaya na gajere ɗaya na dogo, yana da dabarar da mai kunne ɗaya ba shi da ita, wato matsewa. In ka matse kunnuwan biyu tare, kiya za ta riƙa jero gajere, dogo, gajere, dogo, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya, har sai ka saki. Kunnen da ka fara taɓawa shi ke buɗe layin. Wannan shi ake kira ayambik (Iambic ɗin da ka gani a saiti), kuma yana rage wa yatsu zirga-zirga a haruffa irin su C, F, K, L, Q, R da Y.

Bambancin A da B duk yana wurin sakin. A tsarin A, in ka saki kunnuwan biyu, kiya ta ƙarasa sautin da take ciki ta tsaya. A tsarin B, ta ƙarasa shi, sannan ta ƙara kishiyarsa guda ɗaya. To duba abin da ya same ka: K dogo ne, gajere, dogo. Ka matse, ka saki a tsakiyar dogon ƙarshe kamar yadda A ya koya maka, sai B ya liƙa maka gajere a wutsiya. Dogo, gajere, dogo, gajere kuwa C ne. Wanda ya saba da B ya faɗa kan rediyo mai A, nasa akasin haka ne: C ɗinsa ya guntule ya koma K, kiran CQ da kowa ke buɗe magana da shi ya zama KQ.

Tsarukan biyu sun samo asali ne daga na'urori biyu da suka yi tashe a Amurka a shekarun 1970. Ƙananan ƙwaƙwalen lantarki na kamfanin Curtis su ne suka yaɗa abin da yanzu ake kira A. Na'urar Accu-Keyer ta James Garrett, wadda aka buga zanenta a mujallar QST a 1973, mutane da yawa suka haɗa ta a gida, ita ce uwar B. Kowane ɓangare ya horar da hannunsa a kan tasa, shi ya sa har yau masu ƙera rediyo ke saka duka biyun don a zauna lafiya.

Za ka ji masu cewa B ya fi, saboda yana ba ka damar saki da wuri. A kan wasu haruffa gaskiya ne. Ɗauki gudun kalma 20 a minti: raba 1200 da 20, gajere ya zama milisakan 60, dogo 180. Don buga C a tsarin B, kana da dogon nan mai 180 ka saki a cikinsa, alhali mai A sai ya jira gajeren ƙarshe mai 60. Amma juya zuwa K, sai lissafin ya kife: mai A ne ke da 180, mai B ke tsere da 60. Ni ban ga wanda ya kayar da wani ba. Tunda hannunka ya riga ya san A, babu dalilin sake masa tarbiyya.

Tambaya: Na ga wani tsari kuma mai suna Ultimatic. Shi kuma fa?

Amsa: Ya girmi duka biyun, John Kaye ne ya fito da shi a 1953. A nan, in ka matse kunnuwa biyu, wanda ka taɓa daga baya shi ke da iko, kuma zai yi ta maimaita sautinsa har ka sake shi. Harafin X, wato dogo, gajere biyu, dogo, yana fita da matsa ɗaya: riƙe dogo, ƙara gajere, saki gajeren, dogo ya dawo. Haka ma P. A ganina ya fi ayambik sauƙin shiga kan sabon ɗan koyo. Aibinsa shi ne rediyoyi da yawa ba su da shi a ciki, sai ka nemi kiya ta waje. Kuma kada wani ya raina maka madanni mai kunne ɗaya, da yawa daga cikin masu gasar bugu da sauri shi suke riƙewa, don kuskurensa kaɗan ne.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Da na soka wayar madanni, rediyon sai ta kama dogon sauti ba tsayawa, ko ban taɓa komai ba.

Amsa: Duba kan fulogin. In zobe baƙi ɗaya ne a jikinsa, mai layi biyu ne, jikinsa na haɗe layin dogo da ƙasa. Nemi mai zobe biyu irin na abin sauraro na kunne. A yawancin rediyoyi tsinin na gajere ne, tsakiya na dogo, gindi na ƙasa. In sun fito a juye, akwai wurin musanya su a saiti, ba sai ka kunna abin narka dalma ba.

Tambaya: Zan iya sa kwamfuta ko waya ta zame min kiya, in huta da sayen wata na'ura?

Amsa: Don koyon ji, waya ta wadatar. Nemi manhaja mai bin hanyar Koch, wadda ke fara ka da haruffa biyu a cikakken gudu tana ƙara ɗaya-ɗaya. Sai dai ka guji abin sauraro na Bluetooth in kana bugu, domin jinkirinsa kan wuce tsawon gajeren sautin kansa, kunne ya riƙa jin abin da yatsa ya riga ya wuce.

Don aikawa kuwa, kwamfuta mai Windows tana raba hankalinta ga ayyuka da yawa, wani lokaci ta ja sauti ko ta datse shi. Shi ya sa masu shiga gasa ke sa ƙaramar na'ura irin WinKeyer tsakanin kwamfuta da rediyo ta hanyar USB: kwamfuta ta miƙa rubutu, na'urar ta auna lokaci. Mai son haɗa tasa, akwai manhajar kyauta ta K3NG da ake ɗora wa ƙaramin allon lantarki na Arduino, tana da A, B da Ultimatic duka. Kafin lasisinka ya fito da alamar kira, 5N a Najeriya ko 5U a Nijar, kashe saitin BK-IN, wanda ke sa rediyo ta fara aikawa da ka taɓa madanni, yayin atisaye. A yawancin rediyoyi za ka ji sautinka a lasifika, amma babu abin da zai fita ta eriya.