Hukuncin sayen mabiya na bogi don YouTube ya fara biya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da ɗinki a YouTube, ban kai matakin da ake biya ba tukuna. A dokar kamfanin, suna iya sa talla a bidiyon irinmu su riƙe kuɗin. Abokaina sun ce in sayi mabiya da kallo na bogi in cika sharaɗi, tunda su ma guminmu suke ci. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai halatta ba, ɗan'uwa.

Asalin mu'amalar babu laifi. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogayen bidiyo, bayan ya samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ba a san adadin ladan ba, kasonsa aka sani, kuma wannan yana da asali: Annabi (SAW) ya bar gonakin Khaibara a hannun Yahudawa bisa rabin abin da suka fitar, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sai dai abin da kake ɗorawa ya zama halal, ka kuma toshe tallan caca da giya gwargwadon ikonka.

Kukanka kuwa na gaskiya ne. Tun 2021 kamfanin ya ba kansa damar sa talla a bidiyon wanda bai cika sharaɗi ba, ba tare da ba shi ko kwabo ba. Ka amince da dokokinsu, don haka ba bashi kake bin su ba. Amma doka ce da mai ƙarfi ya rubuta shi kaɗai, yana sauya ta ranar da ya ga dama, kuma ni ba na kiran wannan adalci.

To amma kuɗin da za ka karɓa daga aljihun wa zai fito? Daga mai talla, wanda ya biya don mutane na gaske su ga hajarsa, shi kuwa bai zalunce ka ba. Wannan algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko da kamfanin ne kaɗai zai cutu, hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ce kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Ga shi idan suka gano suna iya rufe tashar, wahalarka ta tafi a banza.

Kafin ka cika sharaɗin, nemi masu sayar da yadi ko keken ɗinki ku yi ciniki kai tsaye, ka tallata musu a kan kuɗi sananne, ka faɗa wa masu kallo cewa talla ce.

Wallahu a'alam.