Shafi nawa zan saki kyauta kafin in ce a biya?

Saƙonnin wannan makon duk na masu rubutu ne, uku na ɗauko, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Salam Anti, ni matar aure ce a Agege, na gama littafina na farko, shafi sittin na buga a waya. Ƙawayena sun ce in sake shi duka kyauta tunda ba a san ni ba, maigida kuma ya ce wahalar banza ce, in sa naira 500 tun daga shafin farko. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tambayi maigida, in ya tsaya wajen mai tsire da daddare ba ya yanko masa ɗanɗano a bakin wuƙa, ya dangwala masa yaji? Ai yana yi, amma bai taɓa miƙa masa tiren duka ba. Toh haka za ki yi. Ki zauna ki rubuta wani gajeren labari daban, shafi takwas ko goma, mai farko da ƙarshe, wanda mutum zai karanta ya ji ya ƙoshi, shi za ki bayar kyauta. Sannan babban littafin ki saki shafi goma na farko, amma tun a layin farko ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa na kuɗi ne, nawa ne, kuma a shafi na nawa kyautar za ta tsaya. Abin da ke ɓata wa masu karatu rai shi ne marubuciya ta fara shiru kamar sadaka, sai an kai daren da za a kai amarya ta ce wai daga nan sai an biya, wallahi ni kaina an taɓa min haka a wani guruf, kuɗin ba wani yawa ba ne amma haushi ya hana ni turawa, har yau ban san ko an yi auren ba.

Yanzu ga inda yawancinku ke asara. Kin ba da kyauta, mutum ɗari sun karanta sun turo miki fulawa da "Allah ƙara basira", gobe in kin tashi sayarwa ina za ki same su? Don haka a ƙarshen gajeren labarin, kai a ƙasan kowane shafi ma, ki sa lambarki ki ce mai son na gaba ya ajiye lambar ya yi miki sallama, ke ma ki ajiye tasa. Sitatus na WhatsApp sai waɗanda kuka ajiye lambar juna ke gani, kuma awa 24 yake yi ya ɓace, kinga kowace lamba da ta shigo ta wannan hanyar mutum ne da ya kawo kansa da ƙafarsa. Ki samu littafin rubutu mai kwali, irin na 'yan makaranta, ki riƙa kwafe lambobin da biro. Kar ki yi dariya. OkadaBooks, wata manhajar sayar da littattafai ce da aka kafa a nan Legas, tun 2013 marubuta ke sa littattafansu a ciki, a ƙarshen Nuwamba 2023 ta rufe. Twitter ma gwamnati ta dakatar da shi daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ki sa labarinki a Wattpad ko ArewaBooks ko Facebook, duk ba laifi, amma gidan haya ne, mu da ke Legas mun san abin da mai gida ke iya yi da sanyin safiya.

Kuma don Allah banda jefa mutane a guruf ba a tambaye su ba. Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, ba dole ki cika shi a sati ɗaya ba, mutum arba'in da suka nema da bakinsu sun fi miki ɗari huɗu da za su danna fita kafin azahar.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ina sayar da albasa a Mile 12, na rubuta ɗan littafi kan yadda ake sauko da kaya daga Arewa ba tare da an yi asara ba. Wani ya ce zai sayar min da lambobin 'yan kasuwa dubu biyar a naira dubu ashirin in tura musu talla. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Ba ka san ta ina ya samo lambobin ba, ba ka san nawa ne ke aiki ba, kuma in ka fara tura saƙo ga mutanen da ba su san ka ba wasu za su toshe ka, wasu su kai ƙararka, WhatsApp kuma yana rufe lamba a kan irin wannan, lambar da kwastomominka na albasa ke kira. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, sayar da lambar mutum ba da saninsa ba ba wasa ba ne.

Kai ai kasuwa na gabanka. Ka ciro babi ɗaya mai amfani, misali yadda ake gane buhun da ya fara ruɓa daga ciki tun kafin a ɗora shi a mota, ka karanta shi da bakinka a saƙon murya na minti biyar, don mutanenka sun fi saurare da rediyo a kunne a kan zama karatu, ka tura wa abokan sana'a ashirin da ka sani a Mile 12 da Alaba Rago ka ce su tura gaba. A ƙarshe ka faɗi lambarka sau biyu, a hankali. Wanda ya gwada ya ga buhu ɗaya ya tsira shi zai neme ka.

Tambaya: Anti ni ɗaliba ce a Idi-Araba, na tara ɗan kuɗi, in je Computer Village in sayi laftof ta hannu ko in ci gaba da waya? Kuma ina tsoron a sace min labarin da zan bayar kyauta.

Amsa: Ci gaba da wayarki 'yata, ki sayi fawa bank mai kyau saboda wutar nan tamu, ki riƙa rubutu a Google Docs yadda ko an fizge wayar a cikin danfo rubutun na nan. Laftof sai littafi ya fara kawo kuɗi. Maganar sata kuwa, na kyautan ai so kike ya yi yawo, ki dai sa sunanki da lambarki a tsakiyar labarin ba a ƙarshe kaɗai ba, don masu goge sunan marubuci sama da ƙasa suke dubawa. Na kuɗin shi za ki tsare, kar ki tura wa kowa sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki, hoton rasit kam ko yaro yana iya haɗawa.