Gyara ko sayarwa: motar da tsatsa ta ci

Malam, ka tambaya ko ka gyara tsohuwar motarka mai tsatsa ko ka canja wata. Inda tsatsar ta kama shi zai yanke hukunci.

Ka hau da ita kan ramin makanike, ka ɗauki sukudireba ka dinga caka ƙasanta: shasi, mazaunin shokobsoba, wurin ɗora jak, da bututun man birki. Ka ɗaga kafet ma, ruwan damina a nan yake kwanciya. In ƙarfen ya ɓurma ko yana zubowa ɓawo-ɓawo, sayar da ita. Waldar shasi ba ta cika dawo da ƙarfinsa na asali ba, kuma ranar hatsari wurin waldar na iya karyewa.

In ƙofa ce ko madgad, gyara ya fi. Amma fanel bita ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya yi waldar sabon ƙarfe, ya shafa firama kafin fenti. Fila (abin da ake shafawa a cike lotsawar bodi) a kan tsatsa kumbura take yi bayan damina ɗaya ko biyu.

Haɗa kuɗin gyaran bodi, inji da giya. In sun haura rabin darajar motar, kada ka zuba. In za ka canja, tokumbo (motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje) ma a duba ƙasanta, musamman ta Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara.